Tarayya iri-iri ce: wacce Turai ta ɗauka, kuma ina ta yi tuntuɓe?

Ashe kalmar tarayya ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba?

Ko kusa. A 1991, ana tsaka da tattauna yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai, daftarin ya ambaci tarayya a matsayin inda aka dosa. Gwamnatin John Major ta Birtaniya ta kafe sai an cire kalmar, aka kuwa cire. A kunnen ɗan Birtaniya, tarayya na nufin tattara iko a Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai. A kunnen Bajamushe kuwa, raba iko ne da barin jihohi su ci gashin kansu.

Mene ne bambancin tsarin Amurka da na Jamus?

Amurka fannoni ta raba. Gwamnatin tarayya tana da kotunanta, ma'aikatanta da masu karɓar harajinta, jihohi ma haka. Jamus, a tsarin mulkinta na 1949, aiki ta raba: tarayya ke yin yawancin dokoki, jihohi, waɗanda yanzu 16 ne, su aiwatar. Ladansu shi ne gwamnatocinsu na zama a majalisar Bundesrat, kowace da ƙuri'a 3 zuwa 6 gwargwadon yawan jama'arta, jimilla 69.

Tarayyar Turai ta fi kama da Jamus. Ministocin ƙasashe ne ke zama a majalisar ministocinta, kuma a yawancin batutuwa doka na wucewa idan kashi 55 cikin ɗari na ƙasashen sun yarda, muddin suna wakiltar kashi 65 na al'umma. Illar tsarin ita ce ba a sanin wanda za a kama da laifi. Minista zai ɗaga hannu a Brussels, ya dawo gida ya ce tilasta masa aka yi.

Me ya sa ba a rubuta wa Turai kundin tsarin mulki tun farko ba?

Altiero Spinelli, ɗan siyasar Italiya, haka ya so tun 1941, yana tsare a tsibirin Ventotene. Jean Monnet, jami'in gwamnatin Faransa, ya ga gara a fara da abin da ba zai tsorata kowa ba: kwal da ƙarfe, ƙasashe shida, a 1951. Duk lokacin da aka yi babban tsalle, an sha ƙasa. Majalisar Faransa ta yi fatali da shirin rundunar sojan haɗin gwiwa ta Turai a 1954, masu zaɓe a Faransa da Holan suka ƙi kundin Turai a 2005. Abin mamaki, kotu ce ta yi aikin a ɓoye: a 1964, kan rigimar kuɗin wutar lantarki da wani lauya ɗan Italiya mai suna Costa ya ƙi biya, Kotun Turai ta ce dokar Turai na gaba da ta ƙasa.

To ina babbar matsalar take?

A aljihu. Ƙawancen farko na Amurka, daga 1781, ba shi da ikon sanya haraji. Roƙon jihohi yake yi, su bayar in sun ga dama. Kundin 1787 ya gyara wannan, kuma a 1790 Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya sa tarayya ta ɗauki basussukan yaƙi na jihohi.

Kasafin Tarayyar Turai bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na arzikinta ba, alhali gwamnatin tarayyar Amurka na kashe kimanin kashi 20 ko fiye. Idan tattalin arzikin wata jiha ya durƙushe a Amurka, harajin da take turawa Washington na raguwa, fansho da tallafi kuma su ci gaba da shigowa, ba tare da an zauna taro ba. Da Girka ta faɗa rikicin bashi a 2010, ba ta da kuɗin kanta da za ta karya darajarsa, tunda Yuro take amfani da shi, ba kuma asusun da zai tare ta. Sai rance mai sharuɗɗa masu tsauri. Sai a 2020, saboda korona, aka amince a ciyo bashin Yuro biliyan 750 tare, shi ma na wucin gadi.

Wannan muhawara ta shafi Afirka?

An yi irinta a 1961. Rukunin Casablanca, su Nkrumah, na son haɗewar siyasa nan take. Rukunin Monrovia, har da Najeriya, ya ce a bi sannu. Na biyun ne ya rinjaya a 1963, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU). Tarayyar Mali, ta Senegal da Mali ta yau, ta watse a Agustan 1960, wata biyu bayan 'yancin kai. ECOWAS tana da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, sai dai kwastan na kowace ƙasa ne ke karɓa, kuma turawa kan yi jinkiri.