Titin Shambles (York)

Shambles wani tsohon titi ne a tsakiyar birnin York da ke arewacin Ingila. Ya taso daga dandalin King's Square ya gangara zuwa titin Pavement, kuma wani ɗan lungu mai suna Little Shambles ya ɓalle daga gefensa. Shekaru aru-aru unguwar mahauta ce. Sunan ya samo asali daga tsohuwar kalmar Turanci da ke nufin bencin da ake baje nama a kai.

Tarihi

Littafin ƙidayar Domesday na shekarar 1086, wanda aka tattara bisa umarnin Sarki William, ya ambaci rumfuna biyu na sayar da nama kusa da cocin St Crux, mallakar basaraken garin Mortain na Faransa. Da wannan masana ke kafa hujjar cewa an daɗe ana fawa a wurin, ko da yake gidajen wancan zamani babu ko ɗaya a tsaye. Mafi tsufan gine-ginen da ake gani yau an yi su ne wajen ƙarni na 14 da na 15.

Mahauci a Shambles gidansa shi ne shagonsa. Iyali na kwana a sama, ciniki a ƙasa, yanka kuwa a bayan gida. Jini da tarkacen kayan ciki a kan titi ake zubar da su, su bi kwatar da ke tsakiyar hanya, sai ruwa ya zo ya wanke. Shi ya sa aka ɗaga daɓen gefe biyu sama da tsakiya. Wanda ya san warin mayanka da rana tsaka ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ana cewa a 1872 akwai shagunan mahauta 25 a titin. Daga nan sana'ar ta yi ta ja baya, musamman da dokokin tsafta suka raba yanka da gidajen zama. Cocin St Crux ma an rushe shi a 1887, aka gina ƙaramin zaure da wasu duwatsunsa. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 gidaje da dama sun lalace, har majalisar birnin ta saye su ta yi musu gyara a shekarun 1940 da 1950. Gyaran ya ceci titin, amma wani ɓangare na abin da baƙo ke ɗauka na dauri ne aikin wannan lokaci ne.

Gine-gine

Yawancin tsofaffin gidajen da katako aka ɗaure gangar jikinsu, aka cike tsakani da yaɓe. Kowane hawa na bene ya ɗan turo gaba fiye da na ƙasansa, har a wasu wurare gidaje masu fuskantar juna sun kusa haɗa goshi. An fi bayyana cewa hakan na hana rana dukan nama; wasu kuma na ganin dabara ce kawai ta ƙara faɗin ɗaki a fili ƙanƙane, tunda ana irin wannan gini a titunan da ba ruwansu da fawa. Har yanzu akwai ƙugiyoyin rataye nama a gaban wasu shaguna, da faffaɗan katakon bakin taga inda ake shimfiɗa shi a da. Wasu gidajen kuma an sake musu fuska da jan bulo a ƙarnonin baya.

Margaret Clitherow

Fitacciyar mazauniyar titin ita ce Margaret Clitherow, matar wani mahauci mai suna John Clitherow. Ta koma ɗarikar Katolika a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, lokacin da ɓoye limaman ɗarikar babban laifi ne. Da aka gurfanar da ita bisa zargin ɓoye su, ta ƙi amsa tuhuma ta kuma ƙi musantawa, don kada a tilasta wa 'ya'yanta ba da shaida. Aka kashe ta a ranar 25 ga Maris 1586 ta hanyar danne ta da kaya masu nauyi. Paparoma Paul na Shida ya sa ta cikin waliyyai a 1970. Wurin ziyararta yana gida mai lamba 35, amma ana kyautata zaton ainihin gidanta yana ɗaya gefen titin.

Halin yanzu

Ciniki ya koma na 'yan yawon buɗe ido: kayan tsaraba, alewa, shayi da kayan ado. Tun wajen 2017 shagunan kayan Harry Potter, jarumin wasu shahararrun littattafan labari, suka buɗe, saboda jita-jitar cewa titin ne aka kwaikwaya wajen ƙirƙirar wani titi na cikin labarin. Marubuciyar littattafan, J.K. Rowling, ta musanta hakan. Kasuwar fili ta Shambles Market tana ci a bayan titin.