Waiwaye: Ɗaukaka ƙara a shari'ar fataucin ƙwaya, daga Kirikiri zuwa yau

Ranar 10 ga Afrilu, 1985 aka harbe Lawal Ojuolape da Bernard Ogedengbe da Bartholomew Owoh a Kirikiri, Legas, bisa laifin safarar miyagun ƙwayoyi. Kotun musamman ce ta yanke musu hukunci a ƙarƙashin Dokar Soja ta 20 ta 1984, dokar da aka mayar da aikinta baya ta hau kan laifin da ya riga ta. Ba su da wata kotu ta gaba da za su je su ce a sake duba hujjar. Majalisar ƙoli ta soja ta sa hannu, magana ta ƙare.

Gwamnatin Babangida ta soke kisan a 1986, ta kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, sannan da mulkin farar hula ya dawo a 1999 waɗannan shari'o'i suka koma Babbar Kotun Tarayya, inda hanya ta miƙe har Kotun Ƙoli.

Yau mai ɗaukaka ƙara yana dogara ne da sashe na 36(5) na tsarin mulki da sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011: nauyin tabbatar da laifi ba tare da shakka ba yana wuyan mai gabatar da ƙara. Dole ya nuna cewa abin da aka kama haramtacciyar ƙwaya ce, a hannun wanda ake tuhuma take, kuma da saninsa. Nan lauyoyi ke baje kolinsu. Wa ya auna ƙullin, wa ya rufe shi da hatimi, wa ya kai ɗakin gwaji, kuma wanda aka gwada shi ne aka ajiye gaban alƙali? In aka sami giɓi a tsakani, hukunci na iya rushewa.

Masu cewa wannan wayon lauyoyi ne kawai su tuna da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disambar 2018, bayan an maƙala sunanta a jakar tramadol da ba tata ba a filin jirgin Kano. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Suna a jikin jaka ba ya nuna sani.

Abin da ke damuna shi ne wannan haƙƙi na ɗaukaka ƙara bai cika kaiwa ga talaka ba. Wanda ya ce "na amsa" a zaman farko, ba lauya a gefensa, ya kusa toshe wa kansa hanya, ga kuma wa'adin kwana 90 na ɗaukaka ƙara yana tafiya yana gidan yari. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da a dawo da kisa ga masu fataucin ƙwaya. Kafin a je nan, a fara sama wa kowane wanda ake tuhuma lauya tun ranar da aka kama shi.