Sufurin jama'a, tituna da hanyoyin keke a babban birni

Sufurin cikin birni shi ne duk tsarin da ke kai mutum daga ƙofar gidansa zuwa wajen aiki ko makaranta ko asibiti ya kuma dawo da shi, wato bas da jirgin ƙasa da taragon kan titi da motar gida da keke, har da tafiyar ƙasa, wadda ita ce aka fi mantawa da ita alhali duk wanda ya shiga bas sai da ya taka ƙasa kafin ya kai tasha. Yawancinsu fili ɗaya suke rabawa, titi, shi kuwa titin tsakiyar gari ba roba ba ne da za a ja shi ya buɗe, gine-gine sun riga sun tsare shi hagu da dama. To shi ya sa masana harkar suka koma ƙirga mutum nawa titi ke wucewa da su a awa ɗaya. Layi ɗaya na babban titi, in komai na tafiya daidai, mota wajen 2,000 yake ɗauka a awa, a cikin gari inda ake tsayawa a danja ko hakan ba ya kaiwa, kuma yawancin motocin nan mutum ɗaya ne ko biyu a ciki. Wannan layin dai, in aka ware shi ga bas kaɗai, mutanen da zai ɗiba sun ninka haka sau da yawa.

Asali

Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan Faransa, ya gwada keken doki na haya mai bin hanya ɗaya a kan lokaci a Paris tun 1662, abin bai daɗe ba ya mutu. Sai a shekarun 1820 ya dawo da sunan omnibus, a Paris 1828, a Landan 1829, daga wannan sunan ne ma aka yanko kalmar bas. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya kuwa Landan ce ta buɗe shi ranar 10 ga Janairu 1863, tsakanin Paddington da Farringdon, da injin gawayi, fasinja na shaƙar hayaƙi a cikin rami amma duk da haka suka yi ta cika shi.

Faɗaɗa titi da dawowar cunkoso

Nan ne fa mutane suka fi shan mamaki. Hankali zai ba ka cewa in gosulo ya yi yawa a ƙara layi shi kenan, kuma gaskiya shekarar farko ko ta biyu titin yana sakin jiki. Amma da zarar hanya ta yi sauƙi, wanda da yake hawa bas zai ɗauko motarsa, wanda yake sammako don gudun cunkoso zai koma fita lokacin da kowa ke fita, magina kuma su je can bayan gari su zuba gidaje tunda yanzu hanyar ta yi kyau, kafin ka ankara titin ya sake cika maƙil. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka yawan tuƙi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Misalin da aka fi kawowa shi ne babban titin Katy Freeway a birnin Houston, da aka gama faɗaɗa shi a 2008 har ya kai layi 26 a wani wuri in aka haɗa da na gefe, bayan 'yan shekaru masu bin sa safe da yamma suka koma zaman da suka saba.

Seoul ta Koriya ta Kudu ita kuma akasin haka ta yi. A 2003, lokacin Lee Myung-bak yana magajin gari, aka rushe wata babbar gadar sama da ta rufe rafin Cheonggyecheon, aka fito da ruwan fili, aka buɗe wurin a 2005. An yi ta fargabar gari zai tsaya cak, bai tsaya ba, saboda a 2004 an gyara tsarin bas ɗin birnin gaba ɗaya, an ba su layinsu a tsakiyar titi, kati ɗaya kuma ya ishe ka bas da jirgi. Wasu biranen kuɗi suka sa wa mai shiga tsakiyar gari da mota, Singafo tun 1975, Landan 2003, Stockholm ta gwada a 2006 motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, ta tabbatar da shi a 2007.

Bas mai layinsa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi komai ɗibar jama'a, sai dai kuɗinsa da shekarun gininsa ba kowane birni ke iyawa ba. Wannan ne ya sa Jaime Lerner, magajin garin Curitiba ta Brazil wanda asalinsa mai zanen gini ne, ya fito da dabarar mayar da bas kamar jirgi a 1974, abin da yau ake kira BRT. Sirrin yana cikin ƙananan abubuwa. Ka tsaya ka kalli bas na gargajiya a tasha, ƙofa ɗaya ce, mutane na hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, wani na laluben kati a aljihu, wata na ɗaga keken jariri, direba na jira, minti biyu sun tafi, a kowace tasha kuma haka. A BRT tun kafin bas ya iso ka riga ka biya a ƙofar tasha, daɓen tashar tsayinsa ɗaya da na bas ɗin, ƙofofi uku ko huɗu su buɗe lokaci guda, mai keken guragu ma ya gangara ciki ba wanda ya ɗaga shi, cikin 'yan daƙiƙu an wuce. Ga layi da aka killace da kankare don kada motar gida ta kutsa.

Bogota ta Kolombiya ta ɗauki dabarar ta girmama ta da TransMilenio a Disamba 2000 zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, ta ƙara layin wucewa a tasha yadda bas mai dogon zango zai zarce wanda ya tsaya, har ya kai yana ɗaukar fasinja sama da miliyan 2 a rana. Daga nan Jakarta ta bi a 2004, Istanbul 2007, Legas 2008, Dar es Salaam 2016. Amma fa a faɗi gaskiya, shi ma yana da iyaka, matsi a TransMilenio ya zama abin da mazauna birnin suka fi kuka da shi, yanzu haka layin jirgi suke ginawa. A ganina abin da ya fi riƙe fasinja shi ne ya san in ya rasa wannan bas wani na zuwa nan da minti biyar, ko da daddare, ko ranar hutu. In babu wannan tabbacin duk mai hali mota zai saya, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Hanyar keke

Mutane na ɗauka 'yan Holan da keke aka haife su, alhali a shekarun 1960 su ma mota ta mamaye musu gari. A 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a hatsarin titi a ƙasar, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kashe yara, ga kuma tsadar mai ta 1973 da ta sa aka hana fitar mota ranar Lahadi na wani lokaci, daga nan aka fara sake gina tituna sannu a hankali.

Darasin da aka samu shi ne fenti kaɗai ba ya kare kowa. In aka ja farin layi a gefen titi aka ce na keke ne, motar kaya za ta yi fakin a kai, mai keke dole ya karkata cikin motoci, ko wani ya buɗe ƙofar mota ba tare da ya waiwaya ba ya kwashe shi. Hanyar da ake shiga da kwanciyar hankali ita ce mai shinge ko ɗan tudu tsakaninta da motoci, wadda uwa za ta yarda ɗanta ɗan shekara goma ya bi shi kaɗai. Kuma sai ta haɗe da sauran, don hanya mai kyau da ta yanke a bakin shataletale ta bar mutum a wurin da ya fi hatsari. Sevilla ta Sifen ta fahimci wannan, ta shimfiɗa kilomita wajen 80 a haɗe cikin ɗan lokaci daga 2006, masu hawa keke suka ninka sau da yawa a garin da ake cewa zafi ba zai bari ba. A mahaɗar titi irin ta Holan akwai ɗan tsibirin kankare a kowace kwana, yana tilasta wa direba rage gudu, kuma lokacin da zai juyo mai keke yana gabansa sosai yana ganinsa. Copenhagen ta saita danja a wasu tituna yadda mai tafiyar kilomita 20 a awa zai yi ta samun kore. Tashar jirgin Utrecht ta Holan tana da wurin ajiye keke 12,500, saboda keke da jirgi tare suke aiki, keken ke kawo mutum tasha.

Bogota kuma tun 1974 take da Ciclovía, duk Lahadi da ranar hutu daga 7 na safe zuwa 2 na rana ana rufe wa motoci titunan da suka haura kilomita 120, a bar wa masu keke da masu tafiyar ƙasa.

Hatsari da gudu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiyar ƙasa ne da masu keke da babur. Suwidin ta kafa tsarin Vision Zero a 1997 a kan cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, don haka titin ne za a gina yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Shi ya sa ake matse faɗin layi, a ɗaga wurin tsallakawa, a rage gudu a unguwanni, Brussels da Paris duk sun mayar da yawancin titunansu kilomita 30 a awa a 2021.