Hadar Goldin

Hadar Goldin (18 ga Fabrairu 1991 – 1 ga Agusta 2014) hafsan sojan Isra'ila ne mai muƙamin laftanar a rundunar Givati. An kashe shi a Rafah, kudancin Zirin Gaza, yana da shekara 23. Ba don bajinta a fagen daga sunansa ya yi fice ba. Abin da ya sa aka san shi shi ne ruwan wutar da ya biyo bayan mutuwarsa, da kuma gawarsa da ta shekara 11 a hannun Hamas.

Tasowarsa

A Kfar Saba ya tashi, shi da ɗan'uwansa Tzur, tagwaye ne. Mahaifinsu Simha malamin tarihi ne a Jami'ar Tel Aviv, kuma iyalin sun taɓa zama a Kambirij ta Ingila. Hadar gwanin zane ne. An yi masa baiko, ana shirin aure, yaƙin Gaza na 2014 ya ɓarke.

Ranar 1 ga Agusta

Da safiyar wannan Juma'a aka shirya tsagaita wuta ta awa 72 da Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sanar. Goldin na cikin ayarin da ke neman ramukan ƙarƙashin ƙasa a gabashin Rafah sa'ad da mayaƙan Hamas suka far musu. Manjo Benaya Sarel da Liel Gidoni suka mutu nan take, shi kuwa aka ja shi cikin rami. Wani hafsa, Eitan Fund, ya bi sawu cikin ramin, bai same shi ba, sai wasu kayansa da ya fito da su. Isra'ila ta ce an riga an shiga tsagaita wutar kafin harin, Hamas ta ce kafin lokacin aka yi artabun.

Daga nan sojoji suka aiwatar da umarnin Hannibal, wanda ya ba da damar amfani da ƙarfi mai tsanani don hana kame soja. Aka yi wa Rafah luguden wuta daga sama da ƙasa, daidai lokacin da mutane ke komawa gidajensu saboda labarin tsagaita wuta. Falasɗinawa na kiran ranar Baƙar Juma'a. Rahoton Amnesty International na 2015 ya ce aƙalla fararen hula 135 ne suka mutu cikin kwana huɗu, ya kuma yi zargin laifukan yaƙi. A 2018 babban lauyan sojan Isra'ila ya rufe binciken ba tare da tuhumar kowa ba.

Wajen 3 ga Agusta babban malamin addini na soja, Rafi Peretz, ya bayyana cewa Goldin ya mutu, bisa abin da aka samo a ramin. Aka yi masa jana'iza a Kfar Saba babu gawa cikakkiya.

Fafutukar iyaye

A addinin Yahudu binne mamaci wajibi ne mai nauyi, shi ya sa iyayen ba su ɗauki waccan jana'izar a matsayin ƙarshen magana ba. Simha da Leah Goldin sun yi shekaru suna matsa wa gwamnatin Netanyahu lamba, suna cewa kada a sassauta wa Gaza sai an dawo da ɗansu da Oron Shaul, wani sojan da aka riƙe gawarsa a wannan yaƙin. Matsayin nasu ya sha suka daga masu ganin talakawa zai shafa. A Disamban 2017 Leah ta yi jawabi gaban wakilan Kwamitin Sulhu, daga baya kuma iyalin suka riƙa kafa hujja da ƙuduri mai lamba 2474 na 2019 kan waɗanda suka ɓace a yaƙi.

Dawo da gawa

Sojojin Isra'ila sun gano gawar Shaul a Janairun 2025. Ta Goldin kuwa Hamas ce ta miƙa ta hannun Red Cross ranar 9 ga Nuwamba 2025, ƙarƙashin yarjejeniyar tsagaita wuta ta Oktoban shekarar. Bayan kwana biyu aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Kfar Saba.