Waiwaye: Yadda Tabarau Ya Shiga Zargin Sankarar Fuska

Maganar ta ƙi mutuwa. Da ta lafa sai ta sake tashi: wai sanya tabarau yana jawo sankarar fata a fuska. Masu wannan ra'ayi suna riƙe da hujjar da ido ke gani. Ga mutum ya shekara talatin da tabarau, ga gyambo ya fito masa a gefen hanci daidai inda tabarau ɗin yake zama, likita ya yanka ya auna ya ce sankara ce. Biri ya yi kama da mutum. Wasu suna ɗora laifin a kan gugar da fata ke sha kullum, wasu kuwa cewa suke yi gilashin ne ke tara hasken rana wuri guda, kamar yadda ake ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu. Ga kuma masu cewa ai tabarau ma kariya ne. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya aka fara gardamar, alhali ta girmi duk masu yin ta.

Shi kansa tabarau tsohon abu ne. An fara ƙera shi a Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13, ya yi ɗaruruwan shekaru ana riƙe shi da hannu ko a matse shi a karan hanci, sai a ƙarni na 18 aka yi masa hannayen da ke kamo gefen kai. Ita ma sankarar fuska ba baƙuwa ba ce. A 1827 wani likitan ido a Dublin, Arthur Jacob, ya bayyana wani gyambo mai cin fatar ido da kewayenta a hankali, ba ya warkewa, ba ya kuma saurin bazuwa cikin jiki. Shi ne abin da likitocin yau ke kira sankarar basal, wadda ta fi kowace sankarar fata yawa.

Abin da ya haɗa su biyun a tunanin mutane wata tsohuwar fahimta ce ta likitanci. A 1775 Percivall Pott na Ingila ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi suna kamuwa da sankara a inda baƙin hayaƙi ke maƙale wa fata. An ga sankara tana fitowa a tsohon tabon ƙuna. An gan ta a ciki da cinyoyin mutanen Kashmir masu rungumar tukunyar garwashi a ƙarƙashin riga saboda sanyi. Daga irin waɗannan ne babban malamin Jamus Rudolf Virchow da almajiransa suka ƙarfafa ra'ayin cewa duk inda aka daɗe ana damun nama, can sankara ke tsirowa. Ra'ayin yana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ya yi tsawon rai. Sai dai a waɗancan misalan akwai guba, ko zafin wuta, ko raunin da ya ƙi rufewa shekara da shekaru. Dannar ɗan ƙarfe a kan lafiyayyar fata wani abu ne daban. Likitanci ya rarrabe tsakaninsu daga baya, amma rarrabewar ba ta kai kunnen jama'a ba.

Ana cikin haka hankalin masana ya koma kan rana. Paul Unna a Hambug ya rubuta a 1894 game da lalacewar fatar matuƙan jiragen ruwa. William Dubreuilh a Faransa ya lura a 1907 cewa masu aikin gonakin inabi sun fi mazauna birni yawan sankarar fata. A 1928 George Findlay ya haddasa ta a jikin ɓeraye da hasken ultrabayolet, wato irin hasken da ke cikin rana wanda ido ba ya gani. A shekarun 1930 kuma Angel Roffo na Ajantina ya gano wani abu da ya kamata masu gardamar tabarau su sani: idan aka sa gilashin taga tsakanin dabba da rana, ɓarnar tana raguwa ƙwarai. Ke nan tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu an san gilashi tare haske mai cutarwa yake yi.

To me ya hana zargin mutuwa tun a lokacin? A ganina amsar tana cikin wani ɗan gajeren rahoto na 1965 wanda kusan ba wanda ke ambatonsa in ba likitocin fata ba.

A shekarar ne wani likitan fata a Amurka, Ervin Epstein, ya bayyana wani ƙullutu da yake gani a bayan kunnen masu tabarau. Ya ara masa sunan da Richard Sutton ya ba wani kumburi mai kama da shi a cikin baki tun 1932, wato giranuloma fisuratum. Bayan 'yan shekaru wasu likitoci suka ba da rahoton irinsa a gefen karan hanci. Da aka yi ta duba namansa a madubin likita, sai aka ga saman fata ne kawai ya yi kauri, kamar kantar da ke fitowa a tafin hannun mai aikin ƙarfi. Saboda haka aka fi kiransa akantoma fisuratum daga baya, wasu kuma su ce masa ƙullutun firam ɗin tabarau kai tsaye.

Siffarsa ita ce abin lura. Ƙullutu ne mai tauri, kalar fata ko ja-ja, yana da tsagi a tsakiya daidai inda hannun tabarau ko mazauninsa ke nutsewa, har likitoci kan kwatanta shi da ƙwayar kofi. Yawanci gefe ɗaya yake fitowa, gefen da tabarau ya fi karkata. Wani lokaci tsagin ya fashe ya yi ruwa, ya yi zafi. Duk wanda ya san sankarar basal ya san inda matsalar take. Ita ma ƙullutu ce mai ɗagaggen baki, tsakiyarta kan lotsa ko ta fashe, kuma hanci da kunne suna cikin wuraren da ta fi so. Kama da wane ba wane ba ne, amma wannan kamar ta isa ta ruɗi ƙwararre. An sha yanke ƙullutun da zaton sankara ce, sakamakon gwaji ya dawo babu komai sai kaurin fata. Maganinsa kuwa bai wuce a gyara zaman tabarau ko a ajiye shi ba. Cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni sai ya baje da kansa.

Ba abin mamaki ba ne da aka fara lura da shi a wancan zamanin. Lokacin gilashin gaske ake sawa a tabarau, mai nauyi kusan ninki biyu na robar da ta maye gurbinsa, kuma kauraran firam ne ake yayi. Mai ƙarancin gani sosai sai ya wuni da kaya a karan hanci.

Rahoton ya tabbatar da rabin abin da mutane ke faɗa: lalle tabarau yana iya fito da ƙullutu a fuska. Ya kuma rushe ɗaya rabin, domin ƙullutun ba sankara ba ne. Amma labari idan ya fita daga ɗakin likita ba ya tafiya da cikakkun kayansa. Wanda aka yi wa tiyata ya koma gida yana cewa tabarau ya jawo masa wani abu har an yanke, likita ma da farko ya ce kamar sankara ce. Mai ji na biyu ya yar da "kamar". Haka rabin farko ya yaɗu, rabi na biyu ya tsaya a mujallun likitoci.

Ruɗanin yana kuma tafiya ta ɗaya hanyar, kuma a nan ne haɗarin gaske yake. Mutum ya ga ɗan kurji a gefen hanci yana jini in ya wanke fuska, ya yi ɓawo, ya warke rabi, ya sake fashewa. Sai ya ce ai tabarau ne ke gugarsa. Ya kai a lanƙwasa masa firam, ya sauya mazaunin hanci, ya shafa man shafawa. Da yake sankarar basal ba ta cika zafi ba kuma a hankali take girma, sai a yi shekara ana lallashinta. Ga shi kuma tabarau ɗin ya rufe wurin, har mai shi bai cika ganinsa da kyau ba, domin da ya cire tabarau a gaban madubi ganinsa ya ragu. A kusurwar ido ta wajen hanci wannan jinkirin yana da tsada, saboda fatar wurin siririya ce kuma sankara na iya nutsawa ciki ta kai hanyar hawaye da ramin ido. A nan tabarau bai haifar da cutar ba, amma ya ba ta mafaka, ya kuma ba mai ita uzurin ƙin zuwa asibiti.

Batun tara hasken rana ba ya buƙatar dogon bayani. Gilashin masu matsalar hangen nesa watsa haske yake yi, ba ya tara shi ko kaɗan. Na karatu shi ke tarawa, amma mai ƙarfin diyofta 2 (diyofta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashin tabarau) sai a nisan santimita 50 yake haɗa haske wuri guda, alhali tsakaninsa da fuska bai kai santimita 2 ba. Ko mai ƙarfin diyofta 10 yana buƙatar santimita 10. Game da ultrabayolet kuma, wanda nau'insa biyu, A da B, ke iso fata, gilashin gaske yana tare akasarin nau'in B amma yana barin na A da yawa ya wuce, robar polikabonet kuwa tana tare kusan duka. Akwai dai ƙorafi guda mai tushe game da kayan da ake yin firam: ƙarfen nikel yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ja da saɓar fata, har Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 1994 a kayan da ke daɗewa a jikin mutum. Wannan borin fata ne, ba shi da haɗi da sankara.

Saura tambayar da ta fi damun mutane: me ya sa a daidai wurin? Saboda hanci ya fi ko'ina a fuska miƙo kai ga rana, da tabarau ko babu. Akasarin sankarar basal a kai da wuya take fitowa, hanci kuma shi ke kan gaba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na sankarar fata a fatar ido suke, musamman ta ƙasa da kusurwar ciki. Shekaru ma suna haɗa su: daga arba'in ido ke fara neman tabarau na karatu, daga nan zuwa sama kuma ɓarnar da rana ta tara tun ƙuruciya take fara bayyana. Misalin zabaya ya fi fito da abin fili. Rashin launin fata shi ke raunana musu gani har su buƙaci tabarau, shi ne kuma ke barin fatarsu a buɗe ga rana. Wanda ya ƙirga tabarau da sankara a cikinsu zai ga sun zo tare, sai ya bar jaki yana dukan taiki. Baƙar fata tana rage haɗarin sosai, amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya ba.

Hukumomin lafiya sun daɗe da ɗaukar matsayi. A 1992 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Ostireliya, inda cutar ta fi ƙamari, ta fara gangamin riga da hula da man kare rana a 1981, a 2007 kuma ta ƙara da shiga inuwa da sanya tabarau na rana. Wato ƙasar da ta fi kowa shan wahalar cutar ta lissafa tabarau cikin garkuwa.

Sai dai masu cewa tabarau kariya ne su ma kan wuce gona da iri. Ƙaramin tabarau na yau da kullum yana barin haske ya shigo ta sama da ta gefe, karan hanci da kunnuwa kuma a waje suke. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Libaful a 2017 da kyamarar ultrabayolet ya nuna cewa masu shafa man kare rana suna tsallake kusan kashi 10 cikin ɗari na fuska, kuma fatar ido da lungun da ke tsakanin ido da hanci ne aka fi mantawa. Mai tabarau ya fi kowa saurin faɗawa wannan, in ya shafa mai ba tare da ya cire shi ba.

Abin da rahoton 1965 ya bari a ɗakin duba marasa lafiya ƙaramin aiki ne. Likitan fata kan ce wa mutum ya cire tabarau, ya duba gefen hanci biyu, ya lanƙwasa kunne ya leƙa bayansa. Idan ya ga ƙullutu mai tsagi daidai layin firam, yakan ce a gyara tabarau ko a huta da shi, a dawo bayan 'yan makonni. In ya fara bajewa, an san ko mene ne. In yana nan yadda yake, ko yana jini, ko ya ƙara faɗi, sai a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji.