Waiwaye: Yadda Hajar Sakkwato Ta Ɓace Wa Injin Bincike

Gardamar da ake yi kwanakin nan tsakanin matasa masu gina shafukan intanet da 'yan kasuwarmu na Sakkwato ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Matasan na cewa duk wanda ba shi da shafi nasa na kansa ya rufe wa kansa ƙofar ciniki. 'Yan kasuwa na cewa sun taɓa gwadawa, sun zuba kuɗi, ko mai taya haja ba su gani ba. Wasu kuma na ganin injin bincike irin Google ne bai jin Hausa, ko kuwa ƙirƙirarriyar basirar nan mai ba mutum amsa tun bai buɗe shafin kowa ba ita ta zo ta kashe kasuwar. Abin da ya tayar da zancen kowa na iya gwada shi a wayarsa. Rubuta takalmin fata na Sakkwato, ko albasa buhu-buhu, ka ga wa zai fito a sama. Sau da yawa dillalan Legas da Abuja ne, masu sarar kayan a nan su kai can.

Masu jingina abin ga fasahar bara da bana sun makara. A watan Mayu na 2024 Google ya fara ɗora irin waɗannan amsoshi a saman sakamakon bincike, a Amurka kaɗai a lokacin. Kafin nan mun yi kusan shekara goma ba mu cikin sahu.

Farkon labarin sananne ne. An kafa Google a 1998, kuma abin da ya bambanta shi da injunan da suka riga shi shi ne yana ƙirga yawan shafukan da ke nuni zuwa ga shafinka, kamar yadda ake gane mai gaskiya a kasuwa da yawan masu turo masa baƙi. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, shagunan kafe na shiga intanet suka biyo baya. Masu wayo a duniya suka koyi cusa kalma ɗaya sau ɗari a shafi da sayen nunin bogi daga wasu shafuka, har Google ya fito da gyare-gyaren Panda a 2011 da Penguin a 2012 don tace su. Wannan duk ana karanta shi a kwasa-kwasan da matasanmu ke yi, amma bai taɓa mu sosai ba, don a lokacin shafukanmu ba su taka kara sun karya ba.

Ƙalilan ɗin da ake da su na san ɗaya da kyau. Kawuna baduku ne a Shiyar Madunka. Wajen 2012 wani saurayi mai aiki a kafe ya gina masa shafi: hotunan jakunkuna da tabarmin fata da takalma, lambar waya a ƙasa, da jimloli uku na Turanci. Kawu ya biya, aka buga adireshin a jikin katinsa, ya ɗauka an gama, kamar wanda ya sa aka rubuta masa allon shago. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa sunan shafi haya ne, duk shekara ake sabuntawa, haka ma wurin da ake ajiye shi. Saurayin ya tafi bautar ƙasa, kalmar sirri ta tafi da shi. Ranar da na buɗe na ga shafin ya mutu na je na faɗa masa.

"Kawu, shafinku ya rufe, ba a biya kuɗin shekara ba."

Bai ko ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. "Ai mun biya tun randa anka buɗe shi. Bar shi, ɗana, mi za ni yi da shi? Wanga na waya ya ishe ni."

Na waya ɗin da yake nufi WhatsApp ne, kuma a nan ne gaɓar da masu gardamar yau ke tsallakewa. Tsakanin 2014 da 2017 abubuwa biyu suka faru lokaci guda, ɗaya ya nufi gabas, ɗaya yamma.

A gefe ɗaya, injin bincike ya juya fuskarsa zuwa ga wayar hannu da kuma unguwar da mai bincike yake tsaye. A watan Yuni na 2014 aka buɗe Google My Business, inda mai shago zai sa sunansa a taswira, da lokacin buɗewa, da hotuna, masu saye kuma su rubuta yadda suka ga kaya. Ranar 21 ga Afrilu, 2015 aka fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya idan da waya aka yi binciken. Wato ƙofa ta buɗe wa ƙaramin mai sana'a fiye da kowane lokaci, domin wanda ya sauka Sakkwato yana neman baduku, na kusa da shi za a nuna masa, ba babban kanti na wata ƙasa ba. Shafukanmu na zamanin kafe kuwa don allon kwamfuta aka yi su, da manyan hotuna masu cinye data, kuma yawancinsu sun riga sun mutu irin mutuwar na kawu. Shiga taswirar ma ba ta zo mana da sauƙi ba. A lokacin akan aiko da kati ta gidan waya ɗauke da lambar tabbatarwa, mu kuwa da kwatance muke rayuwa: bayan masallaci, rumfa ta uku daga mai shayi. Da yawa sun fara cike bayanan, da suka zo wurin adireshi suka ajiye.

A ɗaya gefen, wayoyin Android masu araha suka cika hannun mutane, ciniki ya kwashe kayansa ya koma cikin manhajojin hira. Ba na ganin laifin kowa a nan, kuma manhajojin sun yi aikin da aka yi su dominsa. Bahaushe da baki yake ciniki. Ana gaisawa, a tambayi iyali, a taya, a yi albarka, a sallama. Saƙon murya ya dawo masa da wannan duka, ba sai ya iya Turanci ko rubutun boko ba. Matan aure masu turaren wuta da atamfa a Mabera da Arkilla suka samu kasuwa daga cikin ɗakunansu. Da aka kawo sitatus a watan Fabrairu na 2017, kowa ya samu rumfa kyauta. Riba ce ta gaske, har gobe ana cin ta.

Sai dai rumfar awa 24 take yi ta ɓace, kuma wanda ke da lambarka kaɗai ke ganin ta. Injin bincike yana da wata manhaja da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, tana karanta rubutu tana adanawa, daga abin da ta adana ake ciro amsa. Ba ta shiga hirar mutum biyu, wadda tun 2016 a kulle take daga mai aikawa sai mai karɓa. Na sha zama kusa da kawu yana yi wa mai saye bayani ta murya na minti biyar: fatar jar akuya ce, da bagaruwa aka jeme ta, jan launin daga karan dafi ne, ga yadda za ka gane ta gaske da ta roba in ka murza ka shinshina. Irin bayanin da injin ke nema ke nan ido rufe, daga bakin wanda ya gaji sana'ar. Ya faɗe shi ya fi a ƙirga cikin shekara goma, ko layi ɗaya bai zauna a inda baƙo zai same shi ba. Dillalin da ya saya a wurinsa shi ya rubuta rabin abin a shafinsa, shi masu saye suka yi wa sharhi, shi wasu shafuka suka yi nuni gare shi, shekara bayan shekara.

Abin yana tuna min da tsohon tarihin fatar nan. A da ayari kan ɗauki fatar jar akuyarmu ya ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun fataken Arewacin Afirka, can aka san ta da sunan fatar Maroko. Kayan namu ne, sunan na wanda ya kai kasuwa.

Batun cewa injin bai jin Hausa, akwai ƙamshin gaskiya, amma an cika masa gishiri. Hausa ta shiga Google Translate a watan Disamba na 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016. Ka rubuta tambaya kan siyasa ko wasan ƙwallo da Hausa, kafafen labarai za su fito maka, saboda kullum suna rubutawa. Ka tambayi farashin buhun shinkafar Wurno ko yadda ake aiko da fata daga Sakkwato, sai ka ji shiru, don ba a rubuta ba. Matsalar da na yarda da ita ita ce ta rubutun kalma: wani ya sa Sokoto, wani Sakkwato, wani Sakwato, wani ya sa ƙ mai lanƙwasa, wani ya bar ta k. Mai shafin da ya san mutanensa yakan yi amfani da sunayen da ake nema da su duka, cikin jimloli na hankali, ya rubuta da Hausa don na gida da na Ƙonni da Maraɗi, da Turanci don na kudu.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga matasanmu na tallar shafi kamar yadda aka tallata wa kawu a 2012, a gina, a karɓi kuɗi, a miƙa adireshi. Wanda aka taɓa yi wa haka yana da hujjar ƙin sauraro. Aikin da ya rage mai cin rai ne: sunan shafi ya zama da sunan mai shago aka yi rajistarsa, kalmar sirri na hannunsa, shafin ya buɗe da sauri ko da sabis ya yi rauni, suna da lamba su zama iri ɗaya a taswira da ko'ina, kowace haja ta samu bayaninta a rubuce maimakon a manna rubutu cikin hoto, a kuma roƙi wanda ya saya ya ji daɗi ya bar shaida.

Watan jiya na koma Madunka da kwamfuta. Tsohon adireshin ya tafi, sabo muka yanka, kuma a wurin injin kawu baƙo ne da ya buɗe shago jiya. Na zaɓo saƙonnin muryarsa uku na mayar da su rubutu ina karanta masa, yana gyara min inda na kira fatar tunkiya ta akuya.

"To yaushe za a gan mu?" ya tambaya.

Na ce sai an yi watanni, Kawu, kuma sai mun riƙa ƙarawa. Ya yi shiru, ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin benci ya ɗora min a cinya, ya ce in rubuta cewa wannan ɗinkin hannu ne, kwana huɗu take ci.