Burauza da kallon tashoshin jama'a a intanet: wa za a yarda da shi?

Wai burauzojin nan ba duk ɗaya ba ne?

Kusan ma haka ne. Chrome, Edge, Opera, Brave, duk injin Chromium ne a cikinsu, wanda Google ke jan ragamarsa, riga kawai aka canza musu. Microsoft ma ajiye nasa injin ya yi ya koma Chromium a 2020. Masu nasu na kansu su ne Firefox da Safari na Apple.

Kenan Firefox ne mai gaskiyan?

A hankali dai. Mozilla ce ke da shi kuma gidauniya ce da ba ta neman riba, amma fa mafi yawan kuɗin da ke riƙe da su Google ne ke biya don ya zama shi ne wajen bincike na farko in ka buɗe. Duk da haka ni na fi natsuwa da shi, ko ba komai uBlock Origin mai toshe talla yana aiki cikakke a can, alhali Chrome ya datse shi da sabon tsarinsa na Manifest V3.

Me ya sa wani bidiyon ke ƙin tashi sai baƙin allo?

Sau da yawa DRM ne, makullin da masu fim ke sawa don kar a kwafe musu kaya. Chrome da Firefox suna amfani da Widevine, shi ma na Google, kuma ba wanda zai iya leƙa cikinsa ya ga me yake yi. An yi rigima sosai a kan wannan, har ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta fice daga W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, a 2017 da aka amince da saka DRM a burauza. A Firefox in ka kashe DRM a saitin, wasu shirye-shiryen ba za su buɗe ba sam.

BBC ba ta jama'a ba ce? Don me iPlayer, shafinta na kallon shirye-shirye a intanet, ke korata?

Ta jama'ar Birtaniya ce, su ke biyan kuɗin lasisin talabijin, kuma tun 2016 ko a can sai da lasisi ake kallon iPlayer. Adireshin IP ɗinka, wato lambar da layin intanet ɗinka ke ɗauke da ita, suke dubawa su gane ƙasar da kake. ARD da ZDF, tashoshin jama'a na Jamus, sun ɗan fi sassauci, labarai da wasu shirye-shiryensu na buɗewa a waje, amma ƙwallo da fina-finan da suka sayo haƙƙin nunawa na cikin gida ne kawai.

To in saka VPN na kyauta mana?

VPN na sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shiga, amma nan ne fa ake cin mutane. A 2015 aka gano Hola, wani VPN na kyauta wanda miliyoyi suka ɗora a burauza don tsallake irin wannan shingen, yana sayar da layin intanet ɗin masu amfani da shi ga wasu, wato baƙo na yin harkarsa da adireshinka kai ba ka sani ba. Duk abin da ka ɗora a burauza da ya nemi izinin karanta bayanai a kowane shafi, to har inda kake rubuta fasiwod yana gani.

Amma shafin da na samu yana da alamar kwaɗon kulle kusa da adireshinsa ai?

Kwaɗon nan cewa kawai yake hanyar tsakaninka da shafin a rufe take, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne, ɓarayi ma suna da shi. Shi ya sa Chrome ya cire alamar a 2023. Rubuta adireshin tashar da hannunka ko ka sauke manhajarsu, kuma duk shafin da ya ce sai ka saka wata fileya kafin ka kalli kai tsaye, rufe shi kawai.